Ƙoramar da Ta Doshi Maƙabarta: Yadda Wani Ƙauye a Ƙasar Daura Ya Tsare Gaɓarsa

Wurin da masu cin moriyarsa

Ƙauyen yana cikin ƙasar Daura, ba nisa da iyakar Nijar. Ba zan kama sunansa ba, domin a cikin labarin akwai waɗanda suka yi kuskure, kuma har gobe sahu ɗaya muke tsayawa da su a masallaci. Ni na riƙe littafin kwamitin da aka kafa daga baya, don haka awon da zan kawo daga shafukansa na ɗauko shi.

Ƙorama ce ta bi ta gabashin garin. Da rani busasshiya ce ƙayau, yara na buga ƙwallo a cikinta. Da damina kuwa, in aka tafka ruwa da dare, kafin a yi kiran assalatu ta cika ta batse, zuwa hantsi kuma ta sauka kamar ba a yi ba. Ruwan saman wannan yanki bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, sai dai kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, mafi yawa a Agusta, kuma a kan jigawa yake sauka, ƙasar da ba ta da danƙon riƙe kanta.

Daidai bayan gari ƙoramar ta yi gwiwa. Ta cikin gwiwar ruwa kan lafa ya zubar da yashi. Ta bayanta kuwa, ɓangaren da ke kallon gari, nan ruwa ke dukan gaɓa da dukkan ƙarfinsa. A kan wannan gaɓa mai tsayin kusan ƙafa 10 akwai lambuna 9, bayansu hanyar kasuwa, bayan hanyar kuma katangar maƙabarta.

Masu lambu suna noma albasa da tumatir da tattasai, suna jan ruwa daga rijiyoyin da ba su da zurfi. Makiyaya suna gangarowa ta burtali su shayar a ramukan da suke tonawa cikin yashi. Masu amalanke suna ɗibar yashin gini. Mata suna zuwa neman itace. Kowa na da abin da yake ɗauka a wurin, kuma babu wanda aka taɓa ɗora wa alhakin kula da shi.

Shekaru goman da suka gabaci ruftawar

Dattawa sun ce a da ba a ganin ruwan ƙoramar daga hanya saboda duhuwa. Giyayya da bagaruwa da kaba sun rufe gaɓar, ƙarƙashinsu gamba da jema, waɗanda ake yanka bayan kaka a yi zana da jinka.

Abubuwa uku suka canza wurin a hankali. Da injin ban-ruwa ya yawaita, noman rani ya fara kawo kuɗi, kowane mai lambu ya riƙa ƙara kunya ɗaya zuwa bakin gaɓa, yana tumɓuke ciyawa yana sare abin da ke yi masa inuwa. Sannan gine-ginen bulo suka ƙaru a Daura da garuruwan kewaye, tifofi suka gano cewa yashinmu mai kyau ne kuma hanyar shiga ba wuya. Direba ba ya son shiga tsakiyar ƙorama kada taya ta nutse, sai ya tsaya dab da gaɓa, samarin gari su loda masa daga gindinta. Na uku, da aka gyara hanyar kasuwa aka sa kwalbati ɗaya, duk ruwan da ke sauka daga rufin kwanon gari, wanda a da yake bazuwa cikin gonaki, ya koma fita ta baki guda, ya faɗa ƙoramar daidai farkon gwiwa.

Damina ta farko: Agusta

Labarin ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka masu yawa, bai gama barin bakin mutane ba lokacin da tamu ta same mu. Tamu ba ta ci rai ba. An kwana ana ruwa, da safe aka tarar gaɓar ta rufta a tsawon taki 60. Wani mangwaro da mai shi ya dasa tun yana saurayi yana kwance a tsakiyar ƙorama, saiwoyinsa a sama, igiyar guga na rataye a reshensa. Rijiyar da ke gindinsa ta ɓace, sai zoben siminti ɗaya da ya leƙo daga cikin laka. Mai lambun ya tsaya a gefe riƙe da fartanya, bai ce wa kowa komai ba.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, ruftawar ba ta faru lokacin da ruwa ke cike ba, sai bayan ya fara janyewa. Daga baya malamin gona ya yi mana bayani. Ruwa kan fara cin gindin gaɓa ya yi mata kogo. Muddin ƙorama na cike, nauyin ruwan na tokare da ita. Da ya sauka, sai ƙasar da ta jiƙe ta yi nauyi, ga shi babu abin da ke ƙarƙashinta, ta zube.

A watan Oktoba liman ya sa aka auna daga katangar maƙabarta zuwa bakin gaɓa. Dattijon da ya san wurin ya ce a da taki 41 ne. Aka samu 33.

Rani na farko da damina ta biyu: buhuna, shara da dashe

Aikin farko na gayya ne. Aka tara buhunan taki da na siminti, aka cika su da yashi, aka jera a fuskar gaɓa hawa huɗu. Yashin kuma daga gindin gaɓar aka ɗebo shi, don nan ya fi kusa. Mai unguwa ya ce kowa ya riƙa kai sharar gidansa yana zubawa a wurin da ya rufta, da tunanin za ta cike gurbin. Matasa suka samo dashen bedi da turare guda 200 daga gandun renon itatuwa, aka dasa su a jere a bakin gaɓa cikin watan Yuni.

Dagaci ya sa aka yi shela: an hana ɗibar yashi a ƙorama baki ɗaya, an hana shayar da dabbobi a gwiwa.

Buhunan ba su kai damina da ƙwarinsu ba. Rana ta cinye ledar tun watan Afrilu, ana taɓa su suna yagewa. Waɗanda suka rage, ruwan farko ya kwashe yashin da suke zaune a kai, suka gangara. Sharar ba ta danne komai ba, ruwa ya kwashe ta ya watsa leda a lambunan da ke ƙasa. Dashen kuwa, awaki sun gama da mafi yawansa kafin a ɗaure dabbobi, wanda ya tsira kuma ya tafi tare da gaɓar da yake kai, domin saiwar ɗan wata biyu ba ta riƙe ƙasa mai tsayin ƙafa 10.

Shelar ta yi mako uku tana aiki. Bayan haka tifofi suka koma zuwa tsakanin isha'i da asuba. Masu lodin ba baƙi ba ne, 'ya'yanmu ne, kuma da kuɗin lodin wasu ke sayen hatsi a gidajensu. Makiyaya suka ce burtalin ya girmi lambunan, ba kuma a nuna musu wata mashaya ba, suka ci gaba da gangarowa ta inda suka saba.

Awon Oktoba: taki 29. Lambuna biyu sun tafi gaba ɗaya.

Rani na biyu: katanga

Wani ɗan garin da ke kasuwanci a Kano ya ji labarin maƙabarta, inda iyayensa ke kwance, ya aiko da kuɗi. Aka yi masa godiya, aka kira magina, aka tayar da katangar bulo da siminti mai tsawon taki 25 a inda gaɓar ta fi matsowa. Harsashinta bai kai ƙafa 2 ba. Ba a bar mata ramukan da ruwan bayanta zai riƙa tsiyaya ba. Da aka gama, mutane suka riƙa zuwa kallo, hankali ya kwanta.

Ta tsaya cikin Yuli. A Agusta ruwa ya tone ƙarƙashinta, ruwan kwalbati kuma ya taru a bayanta ya rasa mafita. Ta kwanto gaba ɗaya, ta karye gida uku. Kafin ta faɗi ma ta yi wata ɓarnar: ruwan da ya doki fuskarta mai santsi ya ƙara gudu, ya je ya ci gaɓar da ke ƙarshenta, ya tafi da rabin lambun wata gwauruwa mai 'ya'ya biyar. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Awon Oktoba: taki 24. Hanyar kasuwa ta fara tsagewa.

Neman abin da doka ta ce

A nan aka kafa kwamiti, aka aike mu ƙaramar hukuma mu ji ko akwai dokar da za mu dogara da ita. Akwai, har da yawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da izinin mallakar gargajiya a karkara. Dokar Ma'adanai ta 2007 ta sa haƙar yashi don kasuwanci cikin abin da sai da lasisin gwamnatin tarayya. Hukumar NESREA ta tarayya mai kula da bin ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kula da fadamu da gaɓar koguna da tabkuna a 2009, da na zaizayar ƙasa da ambaliya a 2011.

Muka dawo da abu biyu. Na ɗaya, ba za mu saɓa wa hukuma ba in muka kare gaɓar. Na biyu, dagaci ba alƙali ba ne, ba shi da ikon cin tarar kowa da ƙarfi. Duk ƙa'idar da za mu yi, sai dai ta zama yarjejeniya wadda masu abin suka yarda da ita da bakinsu, hakimi ya shaida, a kai kwafi ƙaramar hukuma don in rigima ta fi ƙarfinmu a san inda aka faro.

Rani na uku, Disamba: tafiya cikin ƙorama

Malamin gona ya ce kafin a zauna a ƙofar dagaci, a fara shiga cikin ƙoramar da ƙafa. Aka fito bayan sallar asuba, mu kusan 30: masu lambu, ardo da mutanensa, shugaban masu lodi, sarkin noma, liman, da mata uku ciki har da gwauruwar nan. Da yawanmu mun shekara uku muna leƙen ɓarnar daga sama, ba mu taɓa kallonta daga ƙasa ba.

Daga ƙasa labarin daban ne. Kogon da ke gindin gaɓa ya isa yaro ya shiga ya zauna. Ramukan tifa suna jere a gabansa, wasu sun kai ƙirjin babba. Malamin gona ya tsaya a bakin ɗaya ya ce mu duba gefensa na sama, inda ruwa ke faɗawa: rami a cikin ƙorama ba ya zama inda aka bar shi, yana ci yana yin baya, gindin ƙoramar na ƙara zurfi, gaɓa kuma na ƙara tsayi ba tare da ta motsa ba. Ya ƙara da cewa yashin nan shi ne randar garin. A cikinsa ruwan damina ke kwanciya, daga shi rijiyoyin lambu ke sha. Wani mai lambu ya ce lallai rijiyarsa ta koma ƙafewa tun kafin albasa ta ƙosa, bai taɓa haɗa abin da tifa ba.

Ardo ya kai mu inda shanu ke gangarowa, ya nuna yadda kofato ya farfasa gaɓar ta zama gari. Bai musa ba. Ya juya ga dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, saniya ba ta jin shela. A nuna mana inda za mu sha, mu kuma mu tsare muku nan."

Shugaban masu lodi, saurayi ne da bai kai shekara 30 ba, ya yi shiru har muka wuce gwiwa da kusan taki 400, inda ƙoramar ta buɗe, yashi ya yi tudu. Ya ce wa liman, "Allah ya gafarta Malam, yashin nan ya fi wancan kyau. Hanya ce babu. In aka ba mu hanya ta gefen gonar can, babu abin da zai kai mu bayan maƙabarta."

Wani dattijo da ke da dangi a ƙasar Damagaram ya tsaya a kan gaɓa yana tona ƙasa da sandarsa. Ya nuna mana kututturan sabara da kalgo da bagaruwa da aka sare, suna nan da rai, kowace shekara suna tofo ana sake sassabe su. Ya ce a Nijar, tun shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi suka fara barin irin wannan tofo, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a rage sauran, suna kiran abin sassabin zamani. Saiwarsu ta riga ta yi zurfi shekara da shekaru, ba ta bukatar ban-ruwa.

Janairu: ƙa'idojin

Zama uku aka yi kafin a daidaita, na biyun ya tashi baram-baram a kan faɗin filin da za a bari.

Abin da aka tsayar shi ne, daga bakin gaɓa zuwa taki 15 ba noma, ba sara, ba kiwo, ba ƙona ciyawa, a tsawon gwiwar duka. Masu lambu sun so taki 5, malamin gona ya so 30. Abin da ya warware gardamar ba yawan takin ba ne. Tsoronsu shi ne filin zai zama na gari ko na hukuma. Sai aka rubuta ƙarara cewa kowane yanki yana nan na mai shi da magadansa, ciyawa da 'ya'yan itacen da suka fito a kai nasa ne, yana iya yanka ya sayar daga Nuwamba, da sharaɗin ya bar tsawon taƙi ɗaya na hannu a ƙasa kuma kada ya tumɓuke.

Yashi kuma, an rufe gwiwa gaba ɗaya, an buɗe tudun yashin nan da ke gaba da gwiwa daga Disamba zuwa Afrilu. Ba a matsawa kusa da kowace gaɓa fiye da taki 20, ba a yin rami da ya wuce gwiwar mutum, kuma da an ga danshi an tsaya. Mai gonar da hanya za ta ratsa yana da kaso a kowace tifa. Shugaban masu lodi ya shiga kwamiti, aka damƙa masa tsaron gwiwar.

Makiyaya aka ware musu mashaya a inda gaɓa ke da sauƙin gangara, gari ya ɗauki nauyin shimfiɗa mata duwatsu, aka kuma buɗe bakin burtalin da wani ya cinye da shuka.

Tara ba ta kuɗi ba ce. Wanda ya saɓa zai kawo amalanke biyu na marmara ya sauke a gindin gaɓa. Liman ne ya kawo wannan shawara, ya ce kuɗi in ya shiga hannun kwamiti zargi zai biyo baya, dutse kuwa kowa na ganinsa. Hakimi ya sa hannu, aka karanta takardar bayan sallar Juma'a sau biyu, aka kuma karanta ta a rugar ardo da Fulatanci.

Fabrairu zuwa Yuli: aikin

An fara daga ƙasa. Aka haƙa rami a gindin gaɓa, tsawon gwiwar, zurfin ƙugu, aka cika shi da marmara da ɓaraguzan katangar da ta faɗi, manya a ƙasa, ƙanana a tsakani, aka ɗaga shi sama da gindin ƙorama kamar ƙafa 3. Amfanin dutsen da ba a ɗaure da siminti ba shi ne, in ruwa ya tone ƙarƙashinsa sai ya zauna ya cike gurbin, kuma ruwan bayansa na samun hanyar fita.

Sannan aka zo wurin da ya fi ciwo. Gaɓar da ke tsaye kamar bango dole a kwantar da ita, kowace ƙafa ɗaya ta tsayi a ba ta ƙafa biyu ta kwance. Ma'ana mu da hannunmu za mu sare ƙasar da muke kukan ruwa na cinyewa. Na ga wani dattijo ya karɓi diga daga hannun ɗansa ya ce shi zai fara saran nasa, kada a ce wani ya yi masa.

A bakin kwalbati aka yi matakala uku na duwatsu don ruwan gari ya sauko a gajiye. Cikin Mayu aka kafa shingen aguwa a iyakar taki 15, don ita ana dasa reshenta tun ƙasa na bushe ta kama, dabba kuma ba ta cinta saboda ƙaronta. Wasu sun kawo shawarar kashe-kwari, tunda tana saurin yaɗuwa, ardo ya ƙi, ya ce tana sa wa awaki ciwo in suka dimanci cinta. Aka bar ta.

Da ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni, aka ɗebo jema daga wata fadama, aka rarraba ta, aka dasa layi huɗu a kwance bisa gangaren, tsakanin kowane tushe da na kusa da shi faɗin tafin hannu. Jema na jure nutsewa cikin ruwa, saiwarta kuma ƙasa take yi tiryan-tiryan, tana iya wuce mita 2. Sama da ita aka sa gamba. Ba a sayi dashe ko ɗaya ba. Kututturan da dattijon nan ya nuna aka bi ɗaya bayan ɗaya aka gyara musu tofo.

Damina ta huɗu

Ruwan Agusta ya hau har layi na uku na jema, ya kwantar da ita, ya sauka ya bar laka a bayan kowane layi. Bayan kwana biyu ta miƙe. Tsakiyar gwiwa ba ta motsa ba.

Ƙarshenta na ƙasa ne ya ba da matsala. Mun tsayar da duwatsu a fili ba tare da mun cusa kansu cikin gaɓa ba, ruwa ya zagaya ta baya ya buɗe taki 8. Aka gyara da rani, aka shigar da ƙarshen cikin ƙasa sosai.

Wadda ta fara saɓa ƙa'ida ita ce gwauruwar nan. Ta shuka kuɓewa da yakuwa cikin taki 15. Da aka kira ta, ta ce wa sarkin noma, "Baba, katangarku ta ci rabi, ƙa'idarku ta ci rabin da ya rage. Me zan ba yara?" Babu wanda ya iya ambaton amalanken dutse. Kwamiti ya gane cewa taki 15 ba nauyi ɗaya ba ne a kan mai kadada da mai ɗan tsigi. Dagaci ya ba ta aron wani yanki a gonarsa ta fadama, matasa suka ɗauki alkawarin yanka mata ciyawarta su kai kasuwa. Aka ƙara sakin layi a takardar: duk wanda filin da aka killace ya kai rabin abin da ya mallaka, sai an nema masa madadi kafin a tilasta masa.

Tarar farko ta faɗa kan wata tifa da ta shiga gwiwa da dare a watan Disamba. Masu lodi ne suka tare ta da kansu. Direban ya yi gardama, ya ce ba dokar gwamnati ba ce. Suka ce gaskiya ne, amma ba wanda zai sake ɗaga masa shebur a garin. Bayan kwana uku ya sauke marmara.

Awon Oktoba: taki 24 zuwa inda tsohon bakin gaɓa yake.

Damina ta biyar da ta shida

Awon bai canza ba. Ramukan tifa na gwiwa sun cike da yashi a damina biyu. Masu lambu sun ce rijiyoyinsu na kai su ƙarshen noman albasa. Sabara da kalgo sun wuce tsayin mutum, bagaruwa ta fara 'ya'ya, giyayya uku sun fito da kansu a bakin duwatsu. Gamba ta zama abin sayarwa, masu saƙar zana na zuwa har gida. Fakara ta dawo, yara sun ga bushiya da damo.

Macizai ma sun dawo, kuma mata masu wanki sun kawo ƙara. Aka share hanyoyi biyu masu faɗi zuwa ruwa, aka sa a riƙa nome su. Sau ɗaya wuta ta tashi cikin ciyawar a watan Janairu ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Jema ta sake tofowa daga tushe, amma tofon itatuwa da yawa ya mutu, sai aka ƙara ƙa'idar share layin kariya a bayan shinge kafin hunturu.

Lambuna uku da ruwa ya ci ba su dawo ba.

Abin da na fahimta

A ganina buhuna da katanga da dashen farko duk ciwo ɗaya ya kashe su: sun tsaya a fuskar gaɓa da samanta, alhali ɓarnar daga gindi take. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Da an kafa katanga mai tsada ninki goma, muddin ana kwashe yashin da take zaune a kai, kwanciya za ta yi. Dashen ma ba laifin bedi ba ne. An sa shi a bakin ƙasar da ke shirin faɗuwa, babu shinge, babu mai shi.

Shelar farko da yarjejeniyar baya kusan abu ɗaya suka hana. Bambancin shi ne, ta farkon an yi ta ne a kan mutanen da ba a tambaya ba, ta toshe musu abinci ba ta nuna musu wata ƙofa ba. Ta biyun kowa ya rasa wani abu ya kuma riƙe wani abu: mai lambu ya bar noma ya riƙe mallaka da ciyawa, mai lodi ya bar gwiwa ya samu tudu da hanya, makiyayi ya bar gangarensa ya samu mashaya da burtali. Wanda ya fi kowa sanin sa'ar da tifa ke shigowa shi aka ba tsaro. Kuma ina ganin da ba maƙabarta ce ke bayan hanyar ba, da wuya a samu haɗin kan da aka samu, domin lambu na mutum tara ne, kabari kuwa kowane gida na da nasa.

Inda muka yi sakaci shi ne batun gwauruwar. Mun auna gaɓa da taki, ba mu auna abin da kowa zai iya ɗauka ba, kuma bai kamata sai ta karya ƙa'ida kafin mu gan ta ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin takardarmu. Kwalbatin nan har yanzu shi kaɗai ne, gari kuma na ƙara rufin kwano, matakalar duwatsun sai an sake jera ta kowane rani. Wannan aikin injiniya ne, irin wanda shirye-shirye kamar ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, aka yi su dominsa, kuma kwamiti na shirya takardar neman a duba shi. Sannan tifofin da suka bar gwiwarmu wasunsu sun koma ƙauyen da ke sama da mu, inda babu wata ƙa'ida. Yashin da ke cike mana ramuka daga can yake gangarowa. Dagacinmu ya aika wa nasu, an sa ranar zama bayan an gama girbin gero, kuma shugaban masu lodi ya ce shi zai ja su cikin ƙoramar da ƙafa kafin a zauna.